Igiyar Rijiyar Amastan: Shafi na 23

Sallama gare ku 'ya'yana da jikokina. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa wai na yi barci na bar Kalilu a tsaye. Ban yi barci ba 'yar nan, kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke mana a kartiye, unguwar gaba ɗaya. Ku gyara zama.

Ragon nan yana ɗaure a gindin darbejiyar gidan Kalilu tun da hantsi.

Fari ne tas, mai baƙin wuya, irin na daji wanda bai san dusa ba. Attaher, yayan Lalla matar Amastan, shi ya sauke shi daga bayan motarsa, ya ce dangi na Gugaram ne suka aiko, godiya ce ga mutumin da ya shiga rijiya ya ciro musu surukinsu Amastan da rai. Kalilu ya karɓi igiyar da hannu biyu, ya yi godiya kansa a ƙasa. Attaher ya ɗauka kunya ce irin ta mutanen Damagaram.

Yana tafiya Kalilu ya shige ɗaki ya kunna ordinater, kwamfutar da yake wasa da ita.

Kun dai san wasan nan, na sha ba ku labarinsa. Ba irin wanda mutum ke riƙe bindiga yana ta harbi ba ne. A wannan, kai shugaba ne. Ana ba ka 'yan sojoji kaɗan, kowa da sunansa da fuskarsa, kana kallonsu daga sama kamar shaho. Kai za ka ce waɗannan su laɓe bayan katanga, waɗancan su hau bene, mai babbar bindiga ya tsare hanya. Harsashi yana ƙarewa. In wuta ta yi yawa sojan sai ya kwanta ya ƙi motsi, ko me za ka danna. Wanda aka harba sai an je an ɗauko shi, wanda ya mutu kuwa ya tafi ke nan. Kuma ba a tsayar da shi. Ko ruwa ka tashi sha, yaƙi bai jiranka.

Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan da ke Arlit, Kalilu ya rasa waɗanda zai ce wa ku yi nan, ku bar can. Shekara da shekaru yana shef na ekip, shugaban ayarin ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa, rana ɗaya ya zama mai zaman ƙofar gida. Wasan nan ne ya sake ba shi mutane. Ita kanta matarsa Hansai da farko murna ta yi, don ya daina huci a kan abinci.

To yau ya kunna, amma hannunsa bai motsa ba.

Sojojinsa suna tsaye a fili a bakin wata gada, ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Abokin wasansa, wani Fatahu da ke Yamai wanda bai taɓa gani da ido ba, yana ta magana a cikin abin kunne, yana cewa Shef ka janye su, Shef lafiya kuwa, Shef ko rezon intanet ne ya yanke. Kalilu yana ji, yana kallo.

Hansai ta ɗaga labule. Ba ta zauna ba.

"Baban Maryama, ragon nan yankawa za a yi ko kiwo?"

Ya ce ta yi yadda ta ga dama.

"In yankawa ne ka nemi mai dafawa. Ni hannuna ba zai taɓa shi ba."

Sai a nan ya cire abin kunnen. Ya tambaye ta wace irin magana ce wannan, kyautar mutunci a ce ba za a taɓa ba. Ta dube shi, irin duban da mace ke yi wa mijin da ta san shi tun ba shi da furfura.

"Ranar rijiyar nan ina nan bayan labulen nan da kwanon shinkafa a hannuna."

Ta ci gaba.

"Salularka ta yi ƙara, ka ƙyale. Ta sake, ka ƙyale. Da ta sake sai ka maƙale ta a kafaɗa, idonka a kan mutanen nan naka. Ka ce wa Amastan, ga ni a bakin garka, ina kafe moto, fara sauka."

'Ya'yana, ku bar ni in numfasa, don ni ma da nake rubutawa ƙirjina ya yi nauyi.

Ga yadda abin yake. Da aka sallame su daga aikin rami shi da Kalilu, Amastan garka ya kama a bayan Akokan, yana noma tumatir da salati da albasa. Bana ruwan rijiyarsa ya ja ƙasa, dole aka saukar da motopom ɗin ban-ruwa can ciki, aka ɗora shi a kan wani dakali da aka sassaƙa a jikin rijiyar. In ya lalace sai an sauka, in an gyara sai an tayar da shi a can a gwada. Hayaƙin isansi kuwa, wato fetur, a cikin rijiya ba ya fita, taruwa yake yi ya kwantar da mutum ba tare da ya sani ba. Shi ya sa ake son mutum a sama, igiya a hannunsa. Na ƙasa in ya ji kansa ya fara juyawa sai ya ja igiya sau uku, a fizgo shi.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne a wurinsu. Dokar ekip ɗinsu ce tun a rami, kuma Kalilu ne da bakinsa yake maimaita ta kowace safiya: ba mai shiga wuri shi kaɗai.

Ranar, Kalilu sun yi da Amastan zai zo bayan azahar ya riƙe masa igiya. Ya yi salla, ya ce bari ya taɓa wasa kaɗan kafin rana ta yi sanyi. Sai aka harbi wani sojansa a tsakiyar gada, mai ɗaukar magani, wanda ya daɗe yana tare da shi. Yana kwance yana motsi. Fatahu ya ce a bar shi, gadar ta zama tarko. Kalilu ya ce shi bai taɓa barin mutuminsa a baya ba. Ya jefa hayaƙi, ya tura biyu ta ƙarƙashin gada, ya sa mai babbar bindiga ya danne na tsallake. Ana cikin haka salula ta yi ƙara.

A ransa ya ce yanzu zai gama, garka ba nisa a kan moto, babur ɗin nan nasa. Ya ce ai kafin Amastan ya ɗaura igiya a jikin dabino, ya sauka, ya kwance injin, ya iso.

An ɗauko sojan. Sai tankar abokan gaba ta ɓullo ta bayan masallacin garin, sai aka shiga wani sabon tashin hankali. Da ya ɗaga kai, inuwa ta riga ta tsallake tsakar gida.

Ya iske garka shiru, sai ƙarar inji daga ƙasa. Igiya tana ɗaure a dabino, ba kowa a kanta.

Sauran kun sani. Ya jiƙa rawani ya ɗaure hanci, ya kwala wa maƙwabtan garka kira, ya sauka da kansa. Ya iske Amastan ya zame daga dakalin, ruwa har ƙirji, kai a fashe, igiyar a naɗe a hannunsa. Da aka fizgo su, shi ma Kalilu sai da ya yi amai. Wannan ɓangaren kowa ya gani, shi ne kuma garin Arlit ke ta faɗa.

Kalilu ya dubi matarsa ya ce, a hankali, me ya sa ba ta yi magana ba tun ranar.

Ta ce ta yi ta jira ne ya faɗa da kansa. Ta ce ita ma ba ta tsira ba: mata sun zo sun yi ta sa mata albarka, suna cewa ta yi dacen miji, tana amsawa da amin. Ta dafa kunu ta kai likita, wato asibiti, Lalla ta riƙe hannunta tana kuka tana kiranta 'yar'uwa. Tun ranar abinci bai yi mata daɗi ba.

Ya fara kawo dalilai, kun san mutum in ya rasa mafita. Ya ce Amastan ya farfaɗo, lokotoron da ke duba shi ya ce zai tashi. Ya ce mutumin bai tuna komai na ranar ba, hayaƙi ya shafe, to mene ne amfanin tono. Ya ce in ya faɗa, Amastan zai rasa aboki a lokacin da ya fi bukatarsa, wa zai kula masa da garka. Ya ce ai da bai je ba sam, da yanzu ana zaman makoki.

Hansai ta bar shi ya gama.

"Ka san abin da ya kawo Attaher da mota?"

Ya ce rago.

"Rago a baya ya zo. Lalla za ta koma a gaba."

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

Ta ce da safe ta biya gidan Amastan, ta iske an naɗe tabarmi, an kwance gadon, an ɗaure tukwane a buhu. Kun san Abzinawa, ɗaki da abin da ke cikinsa na mace ne, in ta tashi tafiya ba ta barin ko cokali. Mahaifin Lalla a rijiya ya rasu tana yarinya, ita ta kai masa abinci ta iske igiya ba kowa. Shi ya sa ranar da Amastan ya sayi garkar nan ta sa shi ya dafa Alƙur'ani a gaban yayanta, ya rantse ba zai taɓa sauka ba sai da mutum a sama. Ta ce masa ranar da ya karya, ta gama zama da shi, don ba za ta sake tsayawa a bakin rijiya tana kiran sunan wani ba. Lalla kuwa ba ta faɗin magana sau biyu.

"Ta jira ya buɗe ido, ta jira ya fara cin abinci. Yau bayan la'asar za su kama hanya, da ita da yaran."

Kalilu ya ce ai fushi ne, za ta huce.

"Ta ɗauka ya raina rantsuwa. Bai raina ba, Baban Maryama. Kai ya yarda da kai."

Ta ce ita ba za ta je ta tona mijinta a gaban mutane ba, ba a yi mata tarbiyya haka ba. Amma ya sani, in motar nan ta tashi da Lalla, za su ci gaba da zama gida ɗaya, za ta dafa ta ba shi, sai dai ba ta san da wane ido za ta riƙa kallonsa ba.

Ta saki labule ta fita.

Ya juya ya dubi ordinater. Soja ɗaya ya rage masa, ya kwanta a bayan wata ƙonanniyar mota ya rufe kai da hannu. Muryar Fatahu tana fita ƙasa-ƙasa daga abin kunnen da ke kan tebur. Kalilu bai kashe ba, bai amsa ba. Ya ɗauki makullin moto.

A hanya ya shirya maganar ya fi a ƙirga. Kowane shiri sai ya rushe in ya zo wurin da zai ce wasa nake yi. Da ma a ce barci ne ya ɗauke shi. Da ma a ce moto ce ta mutu. Mutum mai jika, a ce wasa.

Motar Attaher tana ƙofar likita, an riga an ɗaure kaya a sama, ƙafafun gadon suna leƙowa ta ƙarƙashin tanti. Shi kuma yana zaune a inuwar baranda da ɗan gawayinsa yana dafa shayi. Da ya hango Kalilu ya miƙe, ya gyara rawani, ya kama hannunsa ya yi ta gaisuwa, ya gida, ya gajiya, ya zafi, ya iyali, kamar ba ɗazu suka rabu ba. Ya ce wa mutanen da ke wurin ga shi nan, wannan ne. Wani tsoho da ke jinyar ɗansa ya taso ya shafa kafaɗar Kalilu ya shafa a fuskarsa.

Attaher ya rage murya ya ce abin da ƙanwarsa za ta yi bai yi masa daɗi ba, ya yi mata magana har ya gaji. Amma shi ne shaidar rantsuwar, ba shi da bakin hana ta. Ya ce Kalilu ya shiga, zai kawo masa shayin farko.

Ɗakin gado biyu ne, ɗayan ba kowa. Amastan yana kwance an naɗe masa kai, ya rame har hancinsa ya ƙara tsawo. Lalla tana zaune a kan kujera ta ba shi baya, fuskarta wajen taga, amma hannunta yana miƙe ta baya tana yi masa fifita. Haka take yi tun da ya farfaɗo. Ba ta kallonsa, ba ta kuma bar ƙuda ya sauka a kansa ba.

Ta gaida Kalilu da ladabi, ta tambayi Hansai.

Amastan ya yi murmushi ya ce Shef ya iso. Har yau haka yake kiransa. Ya yi masa tsiya kamar kullum, da Hausarsa ta Abzin, ya ce Bahaushe ya samu rago yau ba mai jin kansa, a dai tuna da marar lafiya ko da ƙafa ɗaya ce. Kalilu ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

Sai Amastan ya kamo hannunsa.

"Shef, ka yi mini magana da shi. Kai yana jin maganarka."

Lalla yake nufi. Hannunta bai tsaya da fifita ba.

Ya ce ya roƙe ta har muryarsa ta dushe. Ya ce bai san abin da ya shiga kansa ranar ba, shi dai an ce masa an same shi a ƙasa, ba kowa a sama, to ya yarda, laifinsa ne. Ya ce ba ita kaɗai ya yi wa laifi ba.

"Kai ma ka yafe mini, Shef. Dokarka na karya. Ka shiga hayaƙi saboda wautata, kai da iyali."

Wayyo, jikokina. Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi.

Kalilu ya zauna a bakin gadon da ba kowa, hannunsa har yanzu a cikin na Amastan. Ta taga yana hango Attaher yana ɗaga buta sama yana zuba shayi, kumfa tana tashi. Daga masallacin likita aka fara gyara lasifika za a kira la'asar.

Lalla ta ce, ba tare da ta juyo ba, kada Malam Kalilu ya wahalar da kansa. Ta ce ta san zai roƙe ta, kuma shi mutum ne da ba ta iya ce wa a'a bayan abin da ya yi musu, don haka tana roƙonsa kada ya fara. Ta ce ba ƙin Amastan take yi ba. Abin da ya sa za ta tafi, in ta zauna, kullum ya fita garka sai ta mutu ta dawo.

Kalilu ya ɗago kai ya dube ta.

"Lalla, ki sa a sauke kayan nan."

Ba ta juyo ba.

"Bai karya rantsuwa ba. Da ya sauka, ya sauka ne a kan akwai mutum a sama."

Maficin ya tsaya.

A karo na farko tun da Amastan ya farfaɗo, ta juyo gaba ɗaya. Ba mijinta ta kalla ba, Kalilu ta kalla. Ta tambaye shi wane mutum, tunda shi da kansa ya ce ya iske garka ba kowa.

Ya ce haka ne, ba kowa. Ya ce amma kafin nan an yi waya. Ya ce akwai wanda Amastan ya kira, wanda ya ce masa...

Hannun da ke riƙe da nasa ya matse shi. Mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa, ya matse shi har ƙashi.

"Shef."

Kalilu ya dube shi. Murmushin nan ya tafi. Idon Amastan a buɗe yake tar, ba hayaƙi a cikinsa ko kaɗan.

"Na ce ban tuna komai ba. Ka bar shi haka."

A daidai nan Attaher ya turo ƙofa da ƙafa, ƙaramin kofin shayi a kan faranti, yana cewa a ba gwarzo ya sha tun da zafi. Ya ga fuskokinsu, ya tsaya.

Lalla ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa.

"Ashe kana tune."

Amastan ya rufe ido.

Ta ajiye maficin a kan gado. Ta tashi, ta zagaya bayan yayanta, ta mayar da ƙofa ta rufe, ta jingina da ita.

"Ci gaba, Malam Kalilu. Wa ya ce masa ya sauka?"